Kafin Hidaya Ta Dawo Gida

Litinin, 6 ga Afrilu, bayan la'asar

An sallami Hidaya daga asibiti. Alhamdulillahi. Da ƙafarta ta fito, tana jan balan-balan ɗin da wata nas ta ba ta, tana yi mini gardama da Turanci wai ita ba za ta sa hula ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta tana masifa, wallahi ban taɓa jin daɗin rashin kunyar yaro irin na yau ba. Shekararta bakwai. Larabar da ta wuce ko kalma biyu ba ta iya haɗawa sai ta tsaya neman iska. To, ya isa, ba zan rubuta Larabar nan ba.

Sai dai ba gida muka kawo ta ba. Likitar, wata doguwar mata mai magana a hankali, ta zaunar da mu ni da Baban Hidaya, ta ce asmar yarinyar nan ta tashi sau da yawa a sanyin bana, kuma kullum a gida take tashi, ba a lakwal ba, wato makaranta, ba a waje ba. Ta ce akwai wani abu a ɗakinmu da ƙirjinta ba ya so. Ta shiga jero tambayoyi. Akwai mai shan taba? Kyanwa fa? Kyankyaso? Ɓera? Na ce mata gidana fa ake magana, safe da yamma nake share shi. Baban Hidaya ya taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Da ta zo kan hayaƙi na ce turaren wuta ne kawai, ta ce a rage. A ƙarshe ta ce in akwai inda yarinyar za ta ɗan zauna har mu juye gidan mu share, hakan ya fi.

Anti Hawawu ce ta ɗauke ta. Ƙawata ce, 'yar zangon Kumasi, tare muka fara kitso a shago ɗaya kafin ta koma aikin kula da tsofaffi. Yanzu tana Port Richmond, can Staten Island, sai an hau jirgin ruwa. Ko gama roƙonta ban yi ba ta ce in haɗo kayan yarinya.

Ga ni a falo ni kaɗai. Abu ɗaya nake roƙon Allah, Hidaya ta kwana a gidan ubanta ta wayi gari lafiya. Gobe zan fara shara.

Talata, 7 ga Afrilu, da azahar

Na ɓanɓare ledar tagogi. Tun watan Nuwamba Baban Hidaya ya manne ta da salatef don kada iska ta sami ko ƙofar allura, kuma tun ranar babu tagar da aka buɗe a gidan nan. Tagar falo sai da na sa kafaɗa ta ɗagu. Iska ta shigo, ƙarar bas ta shigo, kiɗan wani mai mota a titin Grand Concourse ya shigo. Na leƙa ƙasa na ga itatuwan titi sun fara fitar da ɗan kore-kore. Ashe sanyi ya tafi muna can asibiti ba mu sani ba.

Na sauke labule duka. Ƙurar da ta zubo mini a ka ta sa na ji kunyar abin da na faɗa wa likita jiya. Na tara barguna, manyan rigunan sanyi, safar hannu, hulunan ulu, na cusa a keken cefane na gangara gidan wanki na kusurwa. Lif ɗinmu ya lalace kamar yadda ya saba, daga hawa na biyar na dinga jan keken yana buga matakala. Takalman ƙanƙara da gishirin titi ya yi musu fari na wanke su a baho na jera a taga.

Anti Hawawu ta turo saƙon murya. Ta ce, “'Yarki ya yi barci har safe, ko tari ɗaya bai yi ba, ya ci shinkafa da wake har ya nemi ƙari.” Hausar zango kenan, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Na saurari saƙon ya fi a ƙirga. Na ji daɗi ƙwarai. Na kuma ji haushi kaɗan, gidan wata ya fi nawa karɓar 'yata.

Laraba, 8 ga Afrilu, da magariba

Yau Laraba. Na wanke bangon kicin duka don kada in zauna.

Alhamis, 9 ga Afrilu, da hantsi

Mun yi faɗa da Baban Hidaya, kuma ni na fara.

Mutumin nan a Canal Street yake kasa kaya, jakunkunan mata, bel, tabarau, hulunan 'yan yawon buɗe ido. Wanda bai fita da shi ba duk a gidan nan yake, cikin manyan buhuna, bayan kujera, ƙarƙashin gado, saman kabad, har bayan ƙofar banɗaki. In ka zuge buhu ɗaya warin sabuwar roba sai ya hau maka kai. Da safe na jawo su duka na tara a tsakiyar falo, ya fito zai sha shayi ya rasa inda zai taka. Na ce masa ga abin da ke shaƙe mini 'ya.

Ya kalli buhunan, ya kalle ni. Ya ce kayan nan suna gidan tun kafin a haifi Hidaya. Sannan ya nuna kaskon turarena da haɓa ya ce, “Wancan fa? Likita da bakinta ta faɗa.”

Nan na hau. Na ce turaren da Inna take haɗa mini da hannunta a Damagaram, wanda aka turara ni da shi tun ina zanin goyo, ni da ƙannena bakwai, wa ya taɓa shaƙewa? Na ce in shi yana iya zama a gida marar ƙamshi, ni ba a haka aka raine ni ba. Ya ce a Damagaram tsakar gida gare ku, nan kuwa akwati ne aka rufe da leda. Sai na ce ledar ai shi ya manna.

Ya juya ya ɗauki waya. Ya kira abokinsa Tajuddeen mai tasi, suka yi ta sauke buhuna har suka ƙare, za su ajiye a wani sito da Tajuddeen yake haya. Ya fita ko shayin bai sha ba.

Gaskiya dai bana na ƙara yawan turare. Da can sau ɗaya ne da yamma, amma sanyin nan safe, rana, dare, gidan yana saurin komawa wani iri in ban sa ba. Na rage zuwa sau ɗaya. Tunda yarinyar ba ta nan ai ba wanda zai cutu.

Asabar, 11 ga Afrilu, bayan magariba

Mun je ganinta. A jirgin ruwa Baban Hidaya ya sayo mini shayi ya miƙo ba tare da ya kalle ni ba, na karɓa ba tare da na kalle shi ba. Shi kenan an shirya.

Gidan Anti Hawawu ni dai ban taɓa son sa ba. Ba labule mai nauyi, ba kafet, kujera biyu da tebur, ƙasa fayau kamar ɗakin jira. Kullum ina tsokanarta ko jiya ta tare. Yau na shiga na ga Hidaya ta yi kumatu. Ta rungume ubanta, ta rungume ni, ta ja ni ta nuna mini katifarta da inda take ajiye inhelarta, maganin shaƙarta. Ina yi mata Hausa tana amsa mini da Turanci, har da sabbin kalmomin mutanen Ghana da ta kwaso.

Da za mu tafi ta riƙe mini gefen hijabi ta tambaya yaushe za ta dawo gida. Na ce in na gama shara. Ta ce sharar kwana nawa ce haka. Anti Hawawu ta yi dariya ta ce uwarki sai ya wanke har rufin gida. Ni ban yi dariya ba, na yi sauri na sa takalmi.

Talata, 14 ga Afrilu, da la'asar

Bayana kamar an daka. Na ja firji na share bayansa, na ja murhu, na sami cokulan da na yi ta zargin maƙwabta da su, da ɗan kunnena na zinariya da ya ɓace tun bara. Na kwashe kabad na goge ciki da waje. Katifar Hidaya na sa mata sabuwar riga mai zif irin wadda nas ta ce. 'Yan tsanarta masu gashi duk sun sha ruwan zafi, ɗaya har ta canza kama, za a yi rigima.

Kafet ɗin falo na bi shi da injin zuƙe ƙura har sau uku. Shi ai sabo ne, jajibirin ƙaramar Sallah Baban Hidaya ya shigo da shi a kafaɗa, ja mai zanen ruwan zinariya, ko wata bai cika ba. Yanzu sai sheƙi yake.

Mai shago ta kira tana tambaya yaushe zan koma kitso. Na ce in 'yata ta dawo. Malamar lakwal ma ta turo aikin gida ta waya, hutu ya ƙare yara sun koma.

Baban Hidaya ya zagaya gidan ya ce ma sha Allah, gobe mu ɗauko ta. Na ce ba gobe ba. Ya buɗe baki, ya tuna gobe Laraba ce, ya ce to jibi.

Alhamis, 16 ga Afrilu, da hantsi

Na dafa mata taliya da miyar da take so. Sun taso, suna cikin jirgi. Gida tas, ko ina ƙamshi. Zuciyata fari ƙal.

Juma'a, 17 ga Afrilu, da safe

Ba ta kwana ba.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Bari in rubuta ko na samu ya fita daga raina. Ta iso da azahar da murnarta. Ta ci taliya, ta yi mini faɗan 'yar tsana, ta ɗauki filo da littafinta ta je wurinta na kullum, kusurwar falo kusa da hita, ƙarfen nan mai ɗumama ɗaki, ta kwanta rub da ciki a kan kafet. Wurin nan take so tun tana rarrafe, saboda ɗumi. Kafin la'asar ta fara ɗan tari. Na ce ƙila iskar jirgi ce. Kafin magariba na ji wannan ƙaramin kukan a ƙirjinta, wanda ko a cikin kasuwa na ji shi zan gane.

Mun ba ta inhela yadda aka koya mana, ya lafa. Ba a kai ga irin ta wancan karon ba, alhamdulillahi, ko kusa ba a kai ba. Amma ba wanda ya yi gardama da Baban Hidaya ya kira Tajuddeen. Tana kuka a mota tana cewa ita ba ta yi komai ba, don me za a mayar da ita. Anti Hawawu ta ce suna isa ta yi barci lafiya lau.

Da safen nan na kwashe kwalaben turarena duka, da kasko, da gawayi, na ƙulle a leda biyu na cusa can saman kabad. Baban Hidaya yana kallo. Da ya ce ai na faɗa miki, da na ji sauƙi, da na sami wanda zan yi wa masifa. Sai kawai ya ɗauki jakarsa ya fita.

Asabar, 18 ga Afrilu, da yamma

Ya yi waya da mahaifiyarsa a Damagaram. Na ji daga kicin, don Hajiya ba ta iya magana a hankali ba. Ta ce a kawo mata yarinyar. Ta ce iskar gida busasshiya ce, yara nawa aka kawo daga waje da ciwon ƙirji suka warke, ta yi karatun allo, in ta girma ta koma. Na jira in ji ya ce a'a. Sai na ji ya ce za mu duba.

Da ya ajiye na fito da ludayi a hannuna. Na ce me za mu duba?

Ya ce, “A'isha, ba za ta dawwama a gidan Hawawu ba. Wani gidan kuma kin san yadda samunsa yake a garin nan. In nan ɗin ba ya karɓarta, ina za mu sa ta?”

Na ce zan sake sharewa. Ya ce me ya rage ban share ba. Na koma kicin na kashe wuta, tuwon ma ban tuƙa ba. Tsoro nake ji, tsoro sosai. Ita kaɗai gare ni.

Lahadi, 19 ga Afrilu, da azahar

Gida ba turare. Ina shiga ina fita kamar gidan wani. Na sake wanke abin da na wanke.

Litinin, 20 ga Afrilu, bayan la'asar

Wannan kam sai na rubuta.

Sanyi ya ɗan dawo da safen nan, aka kunna hitar gini, ta fara ƙararta ta tsss. Baban Hidaya ya fita kasuwa. Ina zaune ina shan kunu sai na ji wani wari. Ba na shara ba ne, ba na kwata ba. Irin na zanin da aka jiƙa aka manta a bokiti. Na san warin nan. Duk sanyin bana nakan ɗan ji shi da safe, in tashi in sa garwashi a kasko, shi kenan ya ɓace. Yau babu kasko.

Na ajiye kofi na bi shi. Kicin babu. Banɗaki babu. Na dawo falo na durƙusa, ni da girmana ina rarrafe ina shinshina ƙasa, da wani ya shigo da ya ce na taɓu. Ina matsawa wajen hita yana ƙaruwa. Na kai kusurwar Hidaya na dafa kafet, a bushe yake, mai kyau, ja. Na ture kujera, na kama bakinsa na ɗaga.

A ƙarƙashinsa akwai shuɗin kafet na Sallar bara. A ƙarƙashin shuɗin akwai kore na shekarun baya. A ƙarƙashin koren akwai mai ruwan ƙasa da wani ɗan Maraɗi ya bar mana lokacin da muka karɓi gidan a hannunsa. Haka muke yi. In sabo ya zo sai a shimfiɗa a kan tsoho, wa zai zubar da kafet da sauran ƙarfinsa? A ƙasa muke cin abinci, a ƙasa muke salla, a ƙasa baƙi suke zama, kuma katakon garin nan da sanyi sai ya huda ƙashi. Duk gidan mutanenmu da na sani haka ne, har yabon laushin falona ake yi.

Shuɗin a jiƙe yake. Koren ya yi baƙi ƙirin da funfuna, faɗin tabarma guda. Na ƙasan kuwa ya ruɓe ya manne da katako, ina ja yana yagewa a hannuna. Warin da ya taso sai da na ruga taga. Da na dawo na duba gindin hita, sai ga ruwa yana ɗiga daga wajen makunninta, ɗis, sai an jima, ɗis, yana bin bututu yana shigewa ƙarƙashin kafet. Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Na kira Baban Hidaya. Ban iya yi masa bayani ba, na ce ya zo kawai, ba Hidaya ba ce, lafiyarta lau, ya zo. Ya bar wa maƙwabcinsa tebur ya hau jirgin ƙasa na layin D. Ya shigo ya gani da idonsa.

Na ce masa a nan Hidaya take kwanciya. Ranar Larabar nan ma a nan take kwance, fuskarta a kan abin nan, ni kuma na ƙara rufa mata bargo na tashi na sa turare don ɗakin ya yi mata daɗi. Daga nan kuka ya ƙwace mini.

Ya durƙusa kusa da ni ya ce, “Ni na shimfiɗa su da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Tashi ki samo wuƙa.”

Talata, 21 ga Afrilu, da hantsi

Jiya har magariba muna yanka muna naɗewa, da takunkumi a fuska da safar roba, tagogi duk a buɗe. Buhunan shara baƙaƙe sun cika bakin ƙofa. Da muka zo kan sabon jan, Baban Hidaya ya fara shafa shi yana cewa wannan ai bai jiƙe ba, a kai wanki. Na ce ya juya bayansa ya shinshina. Ya shinshina. Shi da kansa ya saɓa shi a kafaɗa ya sauka da shi.

A matakala wata 'yar garin Tawa da ke hawa na uku ta tare shi, wai in zubarwa za a yi a ba ta. Na leƙo daga sama na ce wallahi ba za a ba ki ba, ki je ki ɗaga naki ki gani. Ta ji haushi. Ta ji, ni dai na faɗa mata.

Sufa, mai kula da ginin, ya zo da safen nan. Ya kalli katakon, ya kalli tarin buhuna, ya tambaya kafet nawa ne. Da na faɗa masa ya yi wata magana da Sifaniyanci wadda na tabbata ba addu'a ba ce. Ya ce da ƙasa a buɗe take da tun ɗigon farko an gani, kafet ɗin ne suka yi ta shanyewa. Ya canza makunnin, ya ce katako huɗu zuwa biyar sai an cire, sauran a wanke da maganin funfuna a bar fanka a kai har ya bushe.

Na kira asibiti. Nas ta ce ƙwarai funfuna tana tayar da asma, zai iya zama ita ce, amma ba za ta yi mini alkawari ba. Ta ce a bari wurin ya bushe sarai kafin yarinya ta shigo, turare kuma a ci gaba da haƙuri da shi. Na ce to. Karon farko da na ce to ba tare da na ƙara komai a kai ba.

Laraba, 22 ga Afrilu, da azahar

Fanka tana ta juyi. Na yi barcin rana, rabona da shi har na manta.

Alhamis, 23 ga Afrilu, da yamma

Hajiya ta sake kira. Wannan karon na ji ya ce mata a dakata tukuna, mun gano wani abu. Ta tambaya mene ne, ya ce kafet. Ta ce kafet kuma? Na toshe baki a kicin don kada ta ji dariyata.

Matar nan 'yar garin Tawa ta aiko mini da fura. Na kuma ga naɗaɗɗen kafet a wajen shara da ba namu ba.

An sa sababbin katako, launinsu ya fi na sauran haske, falon ya zama dabbare-dabbare. Murya har amsawa take a ciki. Mun ci tuwo a kan tabarmar roba, gwiwoyin Baban Hidaya suna ƙara, yana mita. Na turo wa Anti Hawawu hoton falon, ta ce barka da tarewa. Na cancanci wannan.

Asabar, 25 ga Afrilu, da la'asar

Ta zo. Ban dafa komai na musamman ba, ban ce wa kowa komai ba, ko a raina ban yarda na yi murna ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaya an yi mana sata ne. Ta je kusurwarta ta ga ba laushi, ta ja tsaki irin na ubanta ta hau kujera.

La'asar ta yi. Ina yanka albasa kunnena yana falo. Shiru, sai ƙarar katun ɗin da take kallo a talabijin.

Lahadi, 26 ga Afrilu, da safe

Ta kwana. Ta tashi. Tana neman burodi da cakulan.

Talata, 28 ga Afrilu, da hantsi

Na raka ta lakwal, na ba malama inhela ta ajiye. Daga nan na wuce shago, na yi wa mata biyu kitso, hannuna ya yi nauyi amma ya tuna. Dare uku kenan lafiya. Ba na so in yi ta faɗa. Ni da Baban Hidaya kowa yana yi kamar ba ya saurare, amma na lura in ta yi gyaran murya cokalinsa yakan tsaya.

Hajiya ta ce to, Allah ya ƙara sauƙi, amma a kawo mata ita hutu. Hutu dai na yarda. Tare za mu je, tare za mu dawo.

Asabar, 2 ga Mayu, da azahar

Yau rana ta fito sosai, tagogi a buɗe. Hidaya ta gano falo ba kafet wurin tsere ne. Tun da ta karya take gudu daga ƙofar kicin zuwa taga da takalmin makarantarta, ta taɓa bango ta juyo, tana ƙirga wa kanta, tana ihu. Ina wanke-wanke ina jin ta, dim dim dim, ban hana ba.

Sai aka buga ƙofa da ƙarfi. Na buɗe na ga wata tsohuwa 'yar Dominika da rigar barci da sanda, fuska a murtuke. Ta ce ita ce a ƙasanmu daidai. Ta ce tun safe ake sukuwa a kanta, fitilar silinta har rawa take, kanta yana ciwo. Ta tambaya ko baƙi muka yi.

Na ce ba baƙi ba ne, 'yata ce.

Ta leƙa ta gefena ta ga Hidaya tsaye a tsakiyar falo, gumi a goshi, tana haki irin na wanda ya yi gudu, hakin lafiya. Tsohuwar ta ce, “Shekara nawa ina ƙasanku, ban taɓa sanin akwai yaro a gidan nan ba.”

Na buɗe baki zan ba ta haƙuri sai hawaye. Ina dariya ina hawaye ina ce mata sori, sori. Baiwar Allah ta ruɗe, ta ce ba wai ta zo faɗa ba ne, a dai rage. Na ce za a rage. Ta juya tana waiwayena har ta kai matakala.

Na rufe ƙofa. Baban Hidaya daga kan kujera ya ce ko dai a sayo ɗan ƙaramin kafet, guda ɗaya tak. Na kalle shi, ya mayar da idonsa kan waya. Hidaya tana nan inda take, ta ƙame, tana jira ta ji hukuncinta.

Na ce ta cire takalmin. Gudun kuwa ban ce ta daina ba.